Kotu ta wanke shi, saura mu

  Kwanakin baya wata baiwar Allah da muka daɗe da sanin juna ta roƙe ni in je gidansu a Bwari in duba ƙanenta. Ta ce tari yake yi, ba ya barci, ba ya kuma son leƙa ko ƙofar gida. Na tambaye ta tun yaushe, sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Tun da ya dawo." Ban sake tambaya ba, domin ni ma na san daga inda ya dawo. Duk unguwar an sani.

Ɗan acaba ne. A shekarar 2014 ya ɗauki wani fasinja da yamma, ya sauke shi, ya karɓi kuɗinsa, ya yi gaba. A daren aka yi fashi a wani gida kusa da inda ya sauke mutumin, wani ya ce ya ga babur ɗinsa a wajen. Aka kama shi. Ya yi shekara huɗu yana jiran shari'a, aka yanke masa hukunci, ya ƙara wasu shida kafin kotun gaba ta duba takardun, ta ce babu wata hujja da ta haɗa shi da laifin. Shekara goma cif. Ranar da ya fito, rigar da ke jikinsa ta aro ce, kuɗin motar da ta kawo shi Bwari kuwa lauya ne ya ciro daga aljihunsa.

Na same shi zaune a kusurwar ɗaki, ya jingina bayansa da bango, idonsa na kan ƙofa. Da aka kawo masa abinci sai ya kare kwanon da hannu ɗaya, ya cinye cikin gaggawa kamar za a ƙwace. Can sai na ji ya ce, "Yaya, in zaga?" Mutum mai shekara kusan arba'in yana neman izinin shiga bayi a gidan ubansa. Yayar ta kawar da kai tana share hawaye.

Mahaifinsu ya rasu yana can, bai samu jana'iza ba. Matarsa ta jira shekara huɗu, da aka yanke hukuncin ta je wajen alƙali aka raba auren, yanzu tana wani gari da 'ya'ya uku. Ɗan da ya bari yana rarrafe ya zama ɗan firamare, kuma "baƙon Inna" yake kiransa. Babur ɗin ba a sake jin labarinsa ba. Amma da na tambaye shi abin da ya fi damunsa, bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa ya yi ranar da ya fara zuwa masallacin unguwa, na kusa da shi a sahu ya ciro wayarsa daga aljihun da ke ɓangarensa ya mayar ɗaya aljihun. Ya ce, "Likita, can ciki kowa ya san ban yi ba. Nan waje ne ake shakka."

Wannan magana ce ta sa na ajiye abin da na shirya muku a wannan mako. Alƙali yana iya buɗe ƙofar kurkuku da sa hannu ɗaya, amma sauran aikin, wato mayar da mutum cikin mutane da lafiyarsa da mutuncinsa, a hannunmu yake: iyali, maƙwabta, liman da mai unguwa. Kuma akasarinmu ba mu san ta inda za mu fara ba.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na nesa ne. Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Ƙasa take fitarwa sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, babu kotun da ta same su da laifi. Mutanenmu na Bwari da Kubwa da Dutsen Alhaji da Mpape da yawa suna Kuje ko Suleja a wannan hali. Tsarin mulki ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, amma wani sai ya yi zaman da ya fi hukuncin laifin da ake zarginsa da shi tsawo, sannan a ce ya tafi gida.

Waɗanda aka yanke wa hukunci bisa kuskure ma akwai su. An kama Clinton Kanu a Jihar Imo a 1992, daga baya aka yanke masa hukuncin kisa. Sai a watan Afrilun 2019 Kotun Ƙoli a nan Abuja ta wanke shi, bayan shekara 27 a tsare. Kuma ba mu manta da yaran nan na Kano da Kaduna da aka kama lokacin zanga-zangar watan Agustan 2024 ba. Ranar 1 ga Nuwamba, bayan kusan wata uku a tsare, aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Duniya ta gani, aka yi ca, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su, aka miƙa su ga gwamnoninsu. Su kyamara ta ɗauke su. Irin ƙanen ƙawata kuwa shiru suke shiga, shiru suke fitowa.

To me hukuma ta tanadar wa wanda ya fito? A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, kuma dokar ta yi maganar koyar da sana'a da kula da mutum bayan ya fito. Sai dai tsarin ya fi dacewa da wanda ya yi laifi, aka san ranar fitarsa, ya koyi kafinta ko ɗinki, aka shirya shi. Wanda kotu ta wanke ba ya da ranar fita da aka sani. Da safe fursuna ne, da rana an ce ya tafi, babu shiri, babu guzuri. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar a Kuje da shirin sakin fursunoni 4,068 da tara ta riƙe, da Naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hannu da shuni, aka kuma ba su ɗan kuɗin komawa gida. Abin a yaba ne. Amma ka lura, waɗannan an same su da laifi. Wanda bai yi komai ba sau da yawa ko kuɗin motar ba ya samu.

A wasu ƙasashe an yi doka ta musamman. A jihar Texas ta Amurka, tun 2009 ana biyan wanda aka ɗaure bisa kuskure Dala 80,000 a kan kowace shekara da ya yi a tsare. An sa wa dokar sunan Tim Cole, wanda ya mutu a kurkuku a 1999, sai bayan mutuwarsa aka gano bai aikata laifin ba. Su ma ba su tsira daga abin kunya ba: a Ingila, har zuwa watan Agustan 2023 ana iya cire kuɗin ci da kwanan da mutum ya yi a kurkuku daga diyyarsa, sai da batun Andrew Malkinson, wanda ya yi shekara 17 kan laifin da bai yi ba, ya tayar da ƙura aka soke wannan ƙa'ida.

Mu a nan babu dokar da ta ƙayyade nawa za a biya wanda aka yanke wa hukunci bisa kuskure. Abin da muke da shi shi ne sashe na 35, ƙaramin sashe na 6, na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a daga wanda ya tsare shi. Sai an shigar da ƙara ake samu, kuma dokokin shigar da ƙarar take haƙƙi na 2009 ba su sa wa'adi ba, wani ma yana iya shigarwa a madadin wanda aka zalunta. Amma in faɗa muku gaskiya, hanyar doguwa ce. Wanda kotu ce ta ɗaure shi kafin kotun gaba ta warware ya fi shan wuya wajen nuna cewa tsarewar ta saɓa doka, kuma cin shari'a daban, karɓar kuɗin daban. Tun 1986 Kotun Ƙoli ta ce Gwamnatin Oyo ta saɓa doka da ta kashe Nasiru Bello a 1981 alhali ƙarar da ya ɗaukaka ba a saurare ta ba, abin da iyalansa suka samu Naira 7,400 ne. A nemi haƙƙi, amma kada iyali su jingina tukunyarsu a kan diyya. Ga abin da ke hannunmu.

Abu na farko takarda. Kafin a yanka kaza, kafin a kira 'yan barka, a tabbatar an karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu da takardar sallama daga gidan yarin. Tsarin mulki ya ba wanda aka yi wa shari'a, ko wakilinsa, damar karɓar kwafin hukuncin cikin kwana bakwai da kammalawa. A kuma sa lauya ya bayyana wa iyali irin fitar da ya yi, domin iri uku ce. Akwai wanda aka sallama kawai, misali don masu ƙara sun daina zuwa, wannan ana iya sake gurfanar da shi. Akwai wanda aka sallama aka kuma wanke, wannan ba a sake yi masa shari'a kan laifin. Akwai kuma wanda gwamna ko shugaban ƙasa ya yi wa afuwa, shi ma ba a sake tuhumarsa, amma afuwa ba ta cewa bai yi ba.

Mu mazauna Abuja mun san muhimmancin wannan takarda. Tun daren 5 ga Yulin 2022 da aka fasa gidan yarin Kuje ɗaruruwa suka tsere, duk wanda aka ji daga can ya fito ana yi masa kallon biyu. Ba wuya wani ya tsegunta cewa ga ɗan gudun kurkuku a unguwa. A yi kwafi da yawa, ɗaya a jikinsa, ɗaya wajen babban gida, ɗaya wajen mai unguwa, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Abu na biyu asibiti, a cikin makon farko, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Ɗakin da aka cunkusa mutane, iska ba ta shiga, rana ba ta leƙawa, shi ne gonar tarin fuka. Tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓin yamma, zufar dare da rama, duk alamu ne. Gwajin majina da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na asibitocin gwamnati, kuma magani na wata shida ne, ba a yankewa don an ji sauƙi. Idan an same shi da shi, a kai mutanen gidan su ma a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin akwai maganin kariya da ake ba su. A buɗe tagogi, ya riƙa rufe baki in zai yi tari. Amma don Allah kada a ware masa kwano da kofi. Ta iska cutar take yaɗuwa, ba ta kwano ba, kuma mutumin da aka ware shekara goma ba ya buƙatar a sake ware shi a gidansu.

A auna masa jini da suga, a yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau da yardarsa, musamman kafin ya koma ga iyali ko ya yi sabon aure, domin reza da askar da ake karɓa-karɓa a can ba su da tabbas. A duba haƙora da idanu. Idan yana susa, musamman da dare, tsakanin yatsu da ƙugu, wataƙila ƙazwa ce, ita kuma duk gida ake yi wa magani lokaci ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana. Batun abinci kuwa, kuɗin ciyar da fursuna ɗaya a rana Naira 750 ne kafin a ƙara shi zuwa 1,125, kai ma ka san abin da wannan zai saya a kasuwa. Tausayi kan sa uwa ta tula masa tuwo da nama a ranar farko. A bi a hankali: kunu, fate, wake, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Idan ƙafafunsa sun kumbura ko ya rame ƙwarai, likita ne zai tsara abincin, ba mai kemis da ƙarin ruwa ba.

Abu na uku shi ne ciwon da ba a gani. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Cambridge a Ingila, Adrian Grounds, ya duba mutum 18 da aka ɗaure bisa kuskure aka sake su, ya wallafa abin da ya gano a 2004. Mutum 14 daga cikinsu halinsu ya sauya sauyi mai ɗorewa, 12 kuma suna fama da ciwon firgici irin na waɗanda suka ga bala'i. Kusan dukansu ba su da tarihin irin wannan ciwo kafin a kama su. Dalilin a fili yake. Mai laifi yana da abin da zai gaya wa zuciyarsa, ya ce alhakina ne. Marar laifi kullum tambaya ɗaya ke cin sa: me na yi? Ga shi kuma ya ga yadda gaskiyarsa ta kasa cetonsa, don haka yarda da mutane ta fita daga ransa.

Saboda haka in kun ga yana zabura da jin ƙarar ƙofa ko jiniya, yana mafarkin tsoro, yana fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, yana son kaɗaici, ko ya kasa zaɓar ko da rigar da zai sa, ba taurin kai ba ne, ba kuma butulci ba ne. Shekaru ya yi wani ne ke ce masa tashi, zauna, ci, kwanta. A taƙaita 'yan barka, kada gida ya cika kamar ranar suna. Kada a matsa masa da "ba mu labarin can", in ya fara da kansa a saurara, in ya yi shiru a ƙyale shi. Kada a rufe ƙofar ɗakinsa ta waje ko da wasa, kada a taɓa shi ta baya ba tare da magana ba. A riƙa ba shi ƙananan zaɓi: shayi ko koko, yanzu ko an jima. A kuma rage cewa "ka manta kawai, ya wuce". Haƙuri da yarda da ƙaddara gaskiya ne, amma mai ciwo ya fi jin su daga bakin wanda ya fara yarda cewa an zalunce shi.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana jin muryoyi, ko ya koma ga tiramol da maganin tari mai sa maye, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Idan ya fara cewa gara mutuwa, ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai sashen a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, akwai asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka. A yi addu'a, a sha magani, ɗaya ba ya hana ɗaya. Abin da za a guje wa shi ne sayo masa ƙwayar barci a kemis.

Abu na huɗu mata da 'ya'ya. Matar da ta jira ta ɗauki nauyin gida ita kaɗai, ta saba yanke shawara, kuma ita ma ta sha gorin "matar ɓarawo". Mijin da ya dawo yana son ya karɓi ragamarsa a rana ɗaya, alhali ko kuɗin cefane ba ya da shi, nan rigima take farawa. Manya su zaunar da su tun kafin a kai ga haka. Wadda kuma ta nemi rabuwa ta yi aure, kada a mayar da ita abar zagi, domin ba ita ta ɗaure shi ba, kuma shari'a ta ba ta wannan dama. Yaro kuwa ba a tilasta masa ya ce "Baba" ga fuskar da bai sani ba. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa: an yi wa babanka ƙarya, alƙali ya gano, ya dawo. Yaran da aka ce musu uban ya yi tafiya sukan ji labarin a bakin 'yan makaranta, ta mummunar fuska. A bar su su saba ta ƙananan abubuwa, rakiya zuwa islamiyya, gyaran keke, cin abinci a kwano ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na biyar abin yi. Ƙanen ƙawata ya shiga lokacin da litar mai take Naira 97. Kasuwar Bwari da ya sani ta ƙone a rikicin ƙarshen 2017. Ya fito ya tarar an sauya fasalin manyan takardun kuɗi, ana ciniki da tiransifa da POS, layin wayarsa an ba wani, asusunsa na banki ya daskare, kuma ba a yin komai sai da lambar NIN. Wani matashi a gidan ya ɗauki nauyin raka shi ya yi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da yi masa dariya ba. Game da jari, kada a damƙa masa dunƙulen kuɗi a watan farko, bai san farashin yau ba, 'yan damfara kuma sun fi kowa saurin zuwa barka. Gara a haɗa shi da mai sana'a amintacce ya zauna wata biyu ko uku ya ga yadda kasuwa take. Masu fitar da zakka su tuna cewa irin waɗannan gidaje sun sayar da gona da fili, sun ci bashi wajen bin shari'a, kuma mai bashi yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su.

Wanda ba ya da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba talakawa lauya kyauta, wadda aka fi sani da Legal Aid, tun 1976 take, tana da ofisoshi a jihohi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a Maitama, shigar da koke a can ba a biyan ko kwabo. Akwai ƙungiyoyi irin su PRAWA da LEDAP da suka daɗe suna aiki a kan fursunoni. Kuma abin da ke ba ni mamaki, a nan Bwari hedikwatar Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya take. Kowace shekara ɗaruruwan matasa masu baƙaƙen kwat suna wucewa ta gaban gidajen da ke da ɗa ko miji a tsare ba tare da lauya ba. Ina kira ga sababbin lauyoyinmu, musamman 'ya'yan Arewa masu jin harshen waɗannan iyalai, kowa ya ɗauki shari'a ɗaya fi sabilillahi.

Na bar mafi girma a ƙarshe, shi ne suna. Mun taso muna jin ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, wanda aka ɗaure shekaru kan ƙazafi. Ku tuna, da manzon sarki ya zo fitar da shi bai yi rawar jikin fita ba, sai da ya nemi a koma a binciki maganar matan, aka tabbatar a gaban sarki cewa ba ya da laifi. Ya san fita da tabo a suna wani kurkukun ne. Mu kuwa da zarar an kama mutum sai mu ce ruwa ba ya tsami banza. Labarin kamun yana zaga unguwa kafin magariba, labarin wankewar kuwa a cikin fayil yake kwana. Wannan zaton ne ke hana shi aiki, ya hana shi aure, ya sa in akuya ta ɓata a unguwa a fara duban gidansu.

Abin da na shawarci mutanen gidan nan na Bwari ke nan, da yardar shi mai abin. Mijin yayarsa ya ɗauki takardar kotun ya kai wa liman da mai unguwa, aka samu mai Turanci ya fassara musu. Bayan sallar isha'i liman ya tsayar da jama'a, ya ce wane ɗan wane kotu ta tabbatar bai aikata abin da aka zarge shi da shi ba, duk wanda ya sake jifansa da wannan magana ya san ƙazafi yake yi, aka yi wa mahaifinsa addu'a. Maganar ba ta kai minti biyar ba. Ba zan ce kowa ya daina tsegumi ba. Amma bayan kwana biyu wani mai sayar da hatsi ya kira shi ya riƙa tsare masa shago, har yana barinsa da aljihun ciniki in zai tafi sallah. Gwajin ya nuna tarin fuka ne, ya shiga wata na biyu da fara magani, ya fara cikowa. Barcin har yanzu sai a hankali, yana ganin likita. Yaron bai fara ce masa Baba ba, amma yayar ta ce shi ke tuna masa lokacin shan magani kowace safiya.

Mai karatu, ka duba unguwarku, da wuya a rasa irinsa. In ba ka da jarin ba shi, kana da sallama, kana da wuri kusa da kai a sahu da kan tabarmar ɗaurin aure, kana kuma da bakin da zai ce "kotu ta wanke shi" a duk majalisar da aka tayar da zancensa. Tsautsayin da ya hau babur ɗinsa a 2014 bai san sunan kowa ba, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya fitar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, Ya kare mu daga sharrin ƙazafi. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.